Takarda a Hannun Gola

Wasa tara muka buga bana.
An ci mu bakwai, mun yi kunnen doki ɗaya,
na taran kuwa ruwa ne ya raba gardama:
fili ya zama tafki, ƙwallo tana iyo,
alƙali ya hura usur ya ruga ƙarƙashin rumfa.

Ni ne gola.
Ƙwallo ashirin da uku na ɗebo daga raga da hannuna,
don haka in ana ƙirga masu laifi
kada a tsallake sunan Mudansiru.

Yau Alhamis hukumar kwaleji ta tara mu
a ajin sama mai fanka ɗaya,
aka raba mana guntayen takardu:
ko ka rubuta "ya zauna", ko ka rubuta "ya tafi".
Koci Ogunlade yana ƙasa, bakin matakala,
yana ɓarar gyaɗa kamar ba da shi ake ba.

Ifeanyi ya rubuta tun ba a gama bayani ba.
Ban ga laifinsa ba. Shekara biyu yana ɗumama benci,
ɗan ƙanwar koci na ɓarar da ƙwallo a gaba
kamar mai ɗiban ruwa da kwando.
Ga dabarar ta tsufa:
a doka sama, a bi da gudu,
a doka sama, a bi da gudu,
har yaran Ikorodu sun haddace mu kamar lambar wayarsu.
In ka ce, "Koci, a sauya salo mana,"
sai ya ce tun ba a haife ka ba yake taka leda.

Amma ranar da za mu Surulere
motar kwaleji ta mace mana a Oshodi,
rana tsaka, cunkoso ya kulle gaba da baya.
Shi ya tare danfo biyu, ya zazzage aljihunsa,
mutumin da ke bin albashin wata uku.
Da azumi ya mayar da atisaye bayan magariba
saboda mu huɗu kacal,
shi da ba ya azumi,
ya zo da burodin Agege da ruwan leda mai sanyi.
Safar hannun nan da nake kunyata shi da ita
a gwanjon Yaba ya tsinto min.

To wa zai rubuta wa ragar da ta yage "ta tafi"?
Wa zai raba takarda a kan kuɗin riguna
da suka shiga ofis tun bara ba su fito ba?
In ɓera da sata, daddawa ma da wari,
sai dai ɓera kaɗai aka kawo gaban shari'a.

Babana yana sayar da tumatir a Mil Sha Biyu.
Yakan ce kwando in ya fara wari
ba a tsayawa tausayi, tsincewa ake yi.
Bai taɓa gaya min yadda ake yi ba
in kai ma kana cikin kwandon.

Fanka na juyawa. Biro ya jiƙe a hannuna.
Na tuna burodin, na tuna danfo,
na tuna Dapo yana kuka a bayan banɗaki
ranar da aka zura mana biyar,
shekararsa ta ƙarshe ke nan, bai taɓa ɗaga kofi ba.
Kirki ba ya cin ƙwallo.
Na rubuta kalma biyu, na ninke sau huɗu.

Da na sauko, ya miƙo min gyaɗa a tafin hannu.
"Gobe ƙarfe shida," in ji shi, "kada ka makara.
Kuma kana saurin baro raga, Muda,
ka riƙa jira, ka bar ɗan wasa ya fara yanke shawara."

Na karɓa. Na ce to.
Har na hau motar Agege
gyaɗar tana hannuna, ban iya ci ba.