Gadon Jatau

Ranar da aka rufe Jatau a Kujama
'ya'yansa suka raba bindiga da barandami da rediyo,
ba wanda ya ambaci karen.
Yana kwance a bakin ɗaki, haɓa bisa takalmin mamaci,
kunnuwa a miƙe, yana jiran kiran asuba.
Ni na ce ku ba ni.
Ban san me na roƙa ba.

Sunansa Ƙyale-su.
Haka maharba suke, maganar da ba su son faɗa wa dangi
sai su rataya ta a wuyan kare.

Na kawo shi Kakuri a bayan a-kori-kura,
gidan haya, tsakar gida faɗin tabarma uku.
Daren farko ya tone shukar barkonon Ladidi.
Na biyu ya cinye silifas ɗin alwalata.
Na uku ya yi ta kuka
har maigadin masaƙar da ta mutu ya hasko tocila.

Maƙwabcina Shu'aibu ya ce,
kare dai, in ba na gadi ba, sai na farauta.
Na ce na farauta ne.
Ya ce to ina dajin?
Na yi shiru, na shiga gida.

Likitar dabbobi a Mando, bayan ta yi masa allurar haukan kare,
ta dafa ƙirjinsa mai kama da na zakara ta ce:
Baba, ba ɓarna ce da shi ba,
gudu ne ya taru masa a ƙafa, ya rasa inda zai zubar.

To ga ni, tsohon ma'aikacin reluwe, gwiwa ɗaya ta yi yaji,
ina sallame asuba sai bakin Kogin Kaduna.
In ɗaure fatar zomo a igiya,
in ja ta cikin ciyawa mai raɓa, in kewaye dutse,
in ɓoye ta ƙarƙashin tsohon kwalekwale.
Nemo!
Hanci a ƙasa, jela a sama,
yana karanta rubutun da ni na yi shi amma ba na iya gani.
Zauna. Tsaya. Kawo. Bari.
Kowace kalma da ladanta, ɗan ɓallin ƙuliƙuli.
Sanda kuwa ban taɓa ɗaga masa ba,
ita nake dogarawa.

Wata Laraba ya ji warin gafiya ta gaske.
Ya kutsa cikin iwa, ya ɓace.
Na kira sunansa har muryata ta dushe,
masu ɗibar yashi suna dariya.
Sai na tuna fiton Jatau,
biyu gajeru, ɗaya mai tsawo.
Na jiƙa leɓe, na gwada.

Ya fito a guje, jiki duk laka,
ya wuce ni.
Ya duba bayana, ya duba bayan dutse,
yana neman mai fiton.
Da bai gan shi ba
ya dawo ya zauna a kan ƙafata.
Mun daɗe a wurin, rana ta hau kan gada.

Da masara ta fara goyo
jikan Jatau, Lawandi, ya zo da hula a hannu.
Birai sun dame su, in ji shi,
gona kadada huɗu, babu mai kora.
Na dubi tsakar gidana, na dubi karen.
Na ce sai ka koyi fito tukuna.
Kwana biyu muka yi, yaron yana hura iska,
Ladidi tana dariya a bakin murhu.

Yanzu barkono ya yi 'ya'ya.
Silifas ɗina biyu ne, cif.
Amma ina sallame asuba ƙafa ke ja na bakin kogi,
fatar zomo tana aljihuna,
masu yashi suna tambaya, Baba, ina abokin?
In ce musu yana wurin aiki.