Bakwai Ta Kwana Arba'in

Tanimu ya kawo su cikin buhun siminti,
'yan alluna goma sha biyu, kowanne da lamba a goshi.
Ya ce, "Iya, ba katako ba ne, ba kuma roba ba.
Garin zarto ne daga shagon Jatau kafinta
da ledar ruwan da aka tsinto a kwatocin Samaru,
aka narka, aka cuɗa, aka danne."
Na ce, gamin gambiza ke nan.

Firjin makarantarsu ya mutu tun bara.
Nawa da ransa, da shi nake ci.
Na ba shi lungu ƙarƙashin ƙullin zoɓo,
ɗari biyar a mako, ba ragi.

So yake su daskare, su saki, su sake daskarewa,
wai haka sanyi yake yi a ƙasashen da tafki ke zama dutse.
Na yi dariya har na riƙe ƙugu:
ka zo gidan, yaro!
Masu wuta za su yi maka wannan kyauta,
su kawo tsakar dare, su ɗauke kafin hantsi.

Kullum bayan la'asar yana durƙushe da ɗan sikeli,
yatsu sun yi fari, yana hura musu baki.

Huɗu, mai yawan gari, ta sha ruwa ta kumbura,
daren sha takwas ta tsage kamar diddige.
Tara, mai yawan roba, ko gezau,
sai da ta suɓuce masa a dandamali
ta fashe kamar tsohuwar ƙwarya.
Ya zauna shiru. Na miƙa masa zoɓo.

Na ce, ai ba sanyin ba ne,
ruwan da ya sami ƙofa ne.
Shekara ashirin ina cika kwalba,
wadda na cika har wuya ita ke fashewa.
Sai ga shi yana rubutawa,
kamar na faɗi wani abu.

Bakwai ce ta kwana arba'in ba tabo,
launinta kawai ya ɗan koɗe.
Daga shi har ni ba wanda ya taɓa ganin ƙanƙara ta rufe gari,
amma ya tafi da labarinta a jaka.

Ni ya bar min Bakwai.
Tana ƙarƙashin ƙafar firjin da tsatsa ta ci,
ruwa na ɗiga mata tun safe.
Jiya na taɓa ta da ɗan yatsa.
Tana nan.