Aron Fata

Shekara arba'in ina jima a bayan Ƙofar Guga.
Hannuna ya sha toka, ya sha bagaruwa,
farcena ya rine, ko ruwan Ajiwa ba zai wanke shi ba.
Miƙo mini fata ido rufe,
in faɗa maka ta akuya ce ko ta tunkiya,
ko ta sha ƙaya a dajin Rugu,
ko mahauci ya yi gaggawa wajen fiɗa.
Na jeme ta kada, na jeme ta mesa, har ta damo.
Ta kifi kuwa rabon kyanwa ce a bayan murhu.

Sai ga tawa fatar ta ƙi ni.
'Yar ƙusa ce, ƙasa da idon sawu,
ban ma ji shigarta ba, ciwon suga ya riga ya sace mini ji.
Damina biyu gyambon na zaune,
baki buɗe kamar rijiyar da aka gaji da yasa.
Hurera ta dafa sassaƙe, ta shafa zuma, ta yi tofi.
Ƙuda ya fi baƙi sanin hanyar gidanmu.
A masallaci na koma can gefen takalma
don kada in ɓata wa wani sallarsa.
Ni da warin majema bai taɓa kora ba,
nawa ya kore ni.

Ranar da aka fara zancen yankewa
na kalli ƙafar nan
kamar ɗan da zai yi tafiyar da ba a rakiya.

Likitar yarinya ce, sa'ar autata, Sa'adiyya.
Ta yage bakin wata takarda,
ta zaro abu fari, shara-shara, mai zanen raga.
"Baba, fatar kifi ce.
An wanke, an tsarkake, saƙar kawai aka bari."
Hannuna ya riga bakina tafiya.
Ta ce a'a, da ido tukuna.
Ta auna bakin ciwon, ta yanka daidai, ta jiƙa,
ta shimfiɗa kamar baduku na yi wa tsohon takalmi maho.
"Ba zama za ta yi ba," in ji ta. "Gada ce.
Namanka zai bi ta kanta ya haye,
ita kuma ta narke."

Guntun da almakashi ya rage ta sa mini a tafi.
Na murza, na shinshina, na ɗaga shi ga hasken taga:
ba tabon wuƙa, ba sauran kitse.
Na ce, "Wa ya jeme wannan?
In kin gan shi ki gaishe shi. Ya iya."

Mati mai kifi ya samu abin faɗa a bakin kasuwa:
wai a ɗaure ni in hadari ya taso,
kada in bi kwata in koma wurin dangina.
Jikata Ummita kullum sai ta leƙa gefen bandeji
ko ɓawo ya fara fito mini.

Sau uku aka sake sawa.
A mako na huɗu jan nama ya leƙo daga gefe,
ɗigo-ɗigo, kamar gero kwana uku da shuka.
Ban ce na warke ba.
Bakin da ya kai tafin hannu yanzu bai fi kwabo ba,
kuma ran Juma'a kafaɗata ta taɓa ta wani a sahu,
bai matsa ba.

Daren jiya Hurera ta soya karfasa.
Na ɓare fatar kamar kullum, zan jefa,
sai hannu ya tsaya.
Kyanwa na kallona, ina kallon fatar,
har tuwo ya huce.