Inda Duna Ya Zauna

Baƙin kare ba ya son tsakar rana.
Shekara goma sha ɗaya da kyamara a wuya ta koya mini haka:
ka ɗauke shi da azahar, ka wanke hoton,
sai ka ga rami mai haƙora.

Shi ya sa ran da Mama Kangyang ta shigo shagona a Dilimi,
jaka a hammata, ta ce, "Sabitu, kana ɗaukar kare?"
ban yi maganar kuɗi ba tukuna,
na ce, "Wane launi?"
Ta ce, "Sunansa Duna."
Maƙwabcina mai gyaran agogo ya yi tari,
irin tarin da ba na mura ba.

Kwana uku ina kan babur, neman wuri.

Na hau Shere da sassafe.
Duwatsu a ɗore kan juna
kamar yara sun tara su aka kira su cin tuwo,
haske na tsiyaya ta tsakaninsu.
Na zaɓi wani falale, har na kaɗe shi da hulata,
sai na tuna ta ce ƙugunsa ya gaji,
shekararsa goma sha uku,
matakala biyu ma sai an tallafe shi.
Na sauko.

Tafkin kuza a Rayfield,
ruwa kore shar, gaɓa ja kamar an yanka ƙasa.
Kyau kam akwai.
Amma ruwan na maido da rana cikin ido,
kuma a irin ramin nan kakana ya bar yatsu biyu.
Ba na iya ce wa kowa "dubo nan" a wurin,
ko da kare ne.

Filin golf, mai gadi ya ce dubu biyar ni, dubu goma shi.
Gonar dankali a hanyar Vom, shingen ƙyarana ya zagaye ta,
ga ƙaya, ga nono mai makantarwa,
shi kuwa ido ɗaya ya rage masa.

Na tsayar da Lamingo:
bakin dam, biyar na yamma,
ciyawar ƙarshen damina, rana a bayan kafaɗata ta hagu.
Na rubuta a tafin hannu don kada in manta.

Ran Asabar muka ɗauko shi a keke.
Ba mu yi nisa ba,
a mararrabar Zarmaganda ya fara kuka ƙasa-ƙasa,
yana yaƙushin bayan kujerar direba.
Muka tsaya.
Ya sauka da kansa, shi da ake tallafewa,
ya ja ƙafa zuwa bakin kwalbati,
ya zauna, fuska ga titi.

Na dubi wurin, raina ya ɓaci.
Tayoyin mai faci. Kwata. Ledojin ruwa.
Bango an rubuta BA A FITSARI A NAN, kuma an yi.

Ta ce, "Nan motar ma'aikata ke sauke Baba Pwajok,
biyar da rabi.
Bana shekara biyu da muka kai shi Du."

Ban amsa ba.
Na kwanta rub da ciki a kan tsakuwa, farar riga da komai,
don kare ba a ɗaukarsa daga sama,
sai ka sauko inda idonsa yake.
Mai faci ya janye tiyonsa, ba wanda ya roƙe shi.
Gajimare ya gifta, haske ya yi laushi,
baƙin gashin ya fito ɗaya-ɗaya, har furfurar haɓa.

Wata bas ta rage gudu.
Kunnuwa biyu suka miƙe.
Na danna.

Bas ta wuce, ba ta sauke kowa ba.

Da na wanke, na ce bari in yanke bangon.
Ta ce, "Ka bar shi yadda yake."
Mai agogo ya leƙo, ya daɗe yana kallo,
ya cire gilashin idonsa ya goge da bakin riga,
ya koma kan bencinsa bai yi tari ba.

Lamingo na nan a tafin hannuna ranar,
sai da na zo alwalar magariba na gan shi,
shuɗin biro yana bin ruwa.