Tsakar Gidan Barmo

Shekara ashirin Barmo magini
yana toshe bakin ƙasa da siminti.
Bara, ruwan dare ɗaya a Bagalam
ya rasa ƙofar shiga,
sai ya bi ta ɗakin Tsahara,
ya kai wa Gulbi buhun gero biyu
da 'yar akuya.

Bana ya ɗauki diga
ya fasa daɓen hannunsa,
ya haƙa rabin wata gindin bedi,
tsakuwa ƙarƙashin indararo.
Maƙwabta suka ce ya taɓu.

Jiya hadari ya sauko.
Ruwan ya yi sallama, ya zauna,
kafin asuba ƙasa ta shanye.

Tsahara ba ta ce komai ba.
Kuɓewa ta shuka a bakin ramin.