Dawo Ran Litinin

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙin motar poroje,
na san kowane rami daga Tawa har Abalak.
Ran da aka rufe, suka miƙo mini takarda guda
da hannu mai sanyi,
suka karɓe makulli.
Har yau in na sa hannu aljihu, shi nake lalube.

Aka ce akwai tallafi ga wanda aiki ya kuɓuce wa,
a kai dosiye biro, a jira.
Baraka ta goge mini rigar sallar bara
da gawayin da ta ranto.
Na sayi tambur, na yi hoto huɗu.
Mai hoto ya ce kada in yi murmushi,
na ce ai ban ma zo da shi ba.

Falanto ya auna ni daga hula har takalmi.
Benci ɗaya, mu goma sha uku.
Ga Gado da ya dawo daga Libiya da tari,
ga wata yarinya da digiri biyu cikin leda,
tana fifita da ɗaya.
Kowa ya rungume takardunsa
kamar jinjiri mai zazzaɓi.

Madam ta buɗe nawa, ta lashi yatsa, ta juya.
Ta ce, a nan kai Nomao ne,
a nan Nomaou, a nan kuma Noma.
Wane ne cikinsu ya rasa aiki?
Na ce, duk mu ukun, madam,
kuma kwano ɗaya muke ci.
Ba ta dara ba.
Ta ce in je kotu a shaida cewa ni ne ni.

Jikka biyu, shaidu biyu, kwana tara.
Aka tambayi ranar haihuwata.
Inna ta ce, shekarar da rijiyar gidan Abarshi ta rufta.
Takarda ta ce, wajajen saba'in da tara.
Aka bi takarda.
To, ni wajajen mutum ne ke nan,
mai ƴaƴa biyar
da yunwarsu ba ta san wajajen ba,
daidai magariba take sallama.

Na koma Litinin, babu kuran.
Laraba akwai kuran, babu rizo.
Alhamis shugaba ya tafi Yamai
da sa hannun a aljihunsa.
Aka ba ni lamba a guntun kwalin shayi,
ɗari biyu da sha bakwai.
Na ɓoye cikin hula, zufa ta cinye bakwai ɗin.

Na daina hawan kabu-kabu.
Daga Gweben Zogi da ƙafa, ina ratse ta bayan kasuwa
don kada Illa mai shago ya gan ni.
Littafinsa ya fi na biro riƙon amana,
shi bai taɓa kuskuren harafi a sunana ba.

Gado ya daina zuwa.
An ce ya sake bin hanyar Agadas.
Wurinsa a benci bai huce ba wani ya zauna.
Yarinyar nan yanzu kati take sayarwa a bakin ƙofa,
ta san wanda za a kira tun kafin a kira.

Jiya na leƙa ta taga, na hango dosiyena,
kore, da ɗigon man ja a kusurwa.
An naɗe shi biyu, an tokare ƙafar tebur
don ya daina rawa.
Na ce madalla,
ko ba komai ɗayanmu ya sami aiki.

Da dare auta ta ce, Baba, sun ba ka?
Na ce suna ƙirgawa.
Ta ce, lalle da yawa ne,
ta yi barci da hannu a buɗe.
Baraka ta juya fuska bango.

Na tashi na wanke wuyan rigar,
na shanya ta a igiya.
Gobe Litinin.