Kwalekwalen Kulu

A Yawuri, in la'asar ta yi babu wuta,
Kulu kan kai kwamfuta shagon Nomau mai caji,
naira ɗari biyu, awa biyu,
ta hau buhun albasa, ta buɗe a cinya.

Ni kawunta ne.
Shekara talatin ina fito da mutane,
bokona bai wuce ƙidayar kuɗin jirgi ba.
Leƙe kawai ya kawo ni.

Yayanta Dantani ne ya fara.
Ya ce shi babbar manhaja zai sauke,
wadda ake ƙera yaƙi da ita, har da inuwa da hayaƙi.
Datar dubu uku ta ƙone a dare ɗaya,
kwamfuta ta yi zafi kamar tandar waina, ta sandare.
Ya rufe, ya koma kallon ƙwallo.

Ita ƙaramar ta ɗauka,
mai wata kyanwa ruwan lemo a tsakar allo.
Umarni a jere kamar tubali,
ka jawo wannan, ka manna a gindin wancan:
in an danna dama, matsa taku goma,
in ka taɓa dutse, tsaya.
Ta sallami kyanwar, ta zana kwalekwale,
ta zana dorina da ta fi kama da dankali.

Ranar farko jirginta ya ratsa dutse ya wuce
kamar aljani.
Rana ta biyu ya fice daga allon,
muka jira shi har magariba, bai dawo ba.
Ta bi tubalan ɗaya bayan ɗaya tana cizon leɓe,
ashe guda ne ta sa a muhallin wani.

Da ya gyaru ta nuna mini, tana jiran yabo.
Na ce, 'yar nan, wannan ba kogi ba ne, tabarma ce.
Ruwa ba ya jiran a danna masa komai.
Ka ɗaga filafili ka sosa kai,
ya riga ya kai ka inda ba ka yi niyya ba.

Ta yi shiru. Ta ce, Kawu, nawa yake ja?
Na ce, da damina ko da rani?
Sai ta buɗe akwati biyu,
ta sa bakwai a ɗaya, biyu a ɗayan.
Na ce, kusa da dutse yakan juya.
Wannan ya ci mata mako guda.

Yanzu ta ce tubalin ya yi mata kaɗan,
ta koma wani harshe mai sunan mesa,
wanda waƙafi ɗaya in ya ɓata
sai komai ya tsaya cik.
Tana rubutu, tana tsaki, tana dariya.
Dantani ya dawo, yana tsaye a bayanta.

Jiya ta miƙo mini madannai.
Ni da ban taɓa kifewa ba a shekara talatin,
ruwan da na faɗa da bakina
ya maka ni a jikin dankalin nan sau huɗu.
Nomau ya yi dariya har da riƙe ciki.

Na ce, rage bakwai ɗin nan.
Ta ce, a'a, Kawu, kai ka ce damina ce.